Yatsan da Ya Kori Baffa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Baffa kuma ya riga mu. Ya cika ranar kasuwar Ɗambatta da hantsi, a ɗakinsa, Inna matarsa tana riƙe da hannunsa. Kafin la'asar an kai shi. Ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni da na zama marainiya, shi ya aurar da ni. Duk wanda ya yi firamaren garinmu a wancan zamani ya san shi, malamin 'yan aji ɗaya da aji biyu, mai baƙin keke, mai faifai.

Ban zaci za a cika haka ba, don rabonsa da riƙe alli an daɗe. Wani mahauci ya bar tukubarsa da wuta ya taho. Wani direba ya sauke fasinja a tasha ya juyo da motar babu kowa a ciki. Wata mata ta zo tun daga Bacirawa da goyo, ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Inna, ba ki gane ni ba. Ni ce ta bakin taga." Inna ta dube ta, ta dube ta, sai ta ce, "Mai cizo?" Matar ta ce, "Ita." Suka rungume juna, kuka da dariya a haɗe. Yaron nan nawa kuwa, ɗan farina, wanda ba na kama sunansa, bai yi kuka ba. Ya karɓi diga a maƙabarta ya ƙi ba kowa har aka gama.

Ranar sadakar uku Hedimasta ya zo. Haka muke ce masa har yau, ko da yake ya daɗe da barin aiki. Ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani, sanda ke nuna masa hanya. Ina bayan asabari ina miƙa gumba na ji muryarsa a soro. Yana cewa, "Marigayi ai ɗan'uwana ne a aiki. Wannan dabara ta faifai da kuke ji, ni da shi muka zauna muka tsara ta. Ranar da aka sallame shi ko abinci ban ci ba." Maza suka ce Allah sarki.

Ni ba mai yawan magana ba ce, kowa ya sani. Na ajiye ƙwaryar a hankali don kada ta suɓuce. A ranar na ɗauko littafin rubutuna. Abin da zan faɗa a nan na gan shi da idona, wani ma da hannuna aka yi shi.

Shekarun fari ne. Damina biyu a jere gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Gonakinmu a nan dama ƙanana ne, wannan ta jingina da waccan, in ba a samu ba babu wani daji da za a faɗa. Muka ci tafasa, muka ci dusa. Uban yaron nan ya sayar da kekensa ya tafi ci-rani kudu, ya ce sai an yi shuka. Aka yi shuka sau uku bai dawo ba, kuma har yau ba mu ji inda ya faɗi ba.

Tun daga nan yaron ya sauya. Shekararsa bakwai. A aji ba ya zama. In an taɓa shi ya kai duka, in an yi masa tsawa ya buga kansa da bango. Ya yaga littafin wani, ya jefi wani da dutse ya fasa masa goshi, wata rana kuma ya shige ƙarƙashin benci ya ƙi fita har aka tashi. Hedimasta yana da dorina. Ya dake shi Litinin, ya dake shi Talata, ranar Laraba yaron ya cije shi a hannu. Mata suka fara ce min a kai shi a yi masa turare. Ni kuma, da yake ɗan farina ne, ba zan fita in tsaya masa a gaban mutane ba, ko in rarrashe shi ana kallo. Sai in shiga ɗaki in juya fuska bango.

Baffa ya ce a bar masa shi a ajinsa.

Kada a ce Baffa ya san komai tun farko. Shi ma ya yi kuskuren da kowa zai yi a shekarar yunwa, ya ɗauka yaro ba abin da yake so sai abin kaiwa baka. Ya sayi ƙuli-ƙuli da ɗan abin da ke aljihunsa, ya ce masa, "In ka zauna har a tashi, naka ne." Yaron ya karɓa ya jefe shi da shi a hula. Baffa ya dawo gida yana kakkaɓe hular yana dariya, ya ce wa Inna, "Mijin nan naki ya ƙi sadakina." Inna takan kira yaron maigida, irin wasan kaka da jika. Ta ce, "To kai wa ya ce maka shi yake so?" Baffa ya tsaya da hula a hannu. Ya ce, "Ba wanda ya ce. Ni na zaɓa masa."

Washegari Inna ta nemi faifan rufe tukunyarta ta rasa. Yana makaranta. Faɗan faifan nan sun yi shi shekara da shekaru, ita tana cewa ya sace mata, shi yana cewa aro ne.

Ga yadda yake yi. Lokacin tara, in yara sun fita, sai ya tsayar da yaro ɗaya, cikin waɗanda suka gagari kowa. Ya jera abubuwa a faifai: guntun alli, goruba, tsumman goge allo, mabuɗin kabad, ƙarfen da ake buga tashi da shi, wani lokaci tsohon littafi mai hotuna. Ba ya tambaya. Sai ya juya baya kamar yana gyara rajista, yana kallo ta wutsiyar ido. Yakan ce, "Bakin yaro abin da kake son ji yake faɗa maka. Hannunsa za ka kalla." Gobe ya sauya wa kayan wuri ya sake, jibi ya sake, don kada ya zama na kusa da hannu kawai yaron ya ɗauka. Abin da hannu ya koma wa sau uku, shi ne ladan yaron.

Mahaucin nan ƙarfen buga tashi ya ɗauka. Mai cizo ba ta ɗauki komai ba, kullum sai ta bar faifan ta tafi bakin taga ta tsaya, sai Baffa ya gane hayaniyar tsakiyar aji ce ke tayar mata da hankali, ya mayar da taga ladanta. Wani ba ya son komai sai a ce masa madalla a kunne, in an faɗa a gaban aji ya yi fushi. Kuma bayan wata biyu ko uku sai a sake jera faifai, don Baffa ya ce abin da yaro yake so da rani ba lalle ne ya so shi da damina ba.

Nawa yaron kwana huɗu bai taɓa faifan ba. Rana ta biyar Baffa ya shigo da kekensa cikin aji saboda yayyafi, ya jingine shi da bango. Da ya juya baya, sai ya ji motsi. Yaron ya wuce faifai, ya zare famfon daga jikin keken, ya rungume.

Baffa ya zo ya same ni ina surfe. Ya ce, "Ke, me ke tsakanin yaron nan da famfo?" Na ce, "Shi ke ba keken ubansa iska kowace safiya." Baffa ya ce, "To." Ya fita.

Daga ranar, kullum in ya iso bakin makaranta sai ya durƙusa ya sassauta bawul, ya sace iskar tayar baya, sannan ya turo keken ciki. Ya ce wa yaron, "Kai mai ƙwace min mata, tayata ta sace. In ka zauna har na gama kiran suna, kai za ka ba ta iska." Iya kiran suna kawai, ba har a tashi ba. Da ya rufe rajista, nan take zai miƙa masa famfo, ba sai anjima ba, ba sai Juma'a ba. Yakan ce yaron da aka yi wa alkawari aka tafi ba a dawo ba, ba a ce masa gobe. Bayan mako biyu ya ƙara, sai an gama karatun farko. Bayan wata, sai tara. Ranar da yaron ya yi duka ba a ba shi famfo, amma ba a dake shi ba. Baffa ya tura kekensa da ƙafa har gida, taya a sace, yaron na biye da shi yana huci. Baffa ya ce, "Yau mun yi asara ni da kai. Gobe da safe za ta sake sacewa."

Na yi faɗa da Baffa a kan wannan, faɗa irin nawa, ƙasa-ƙasa. Mata sun dame ni da cewa 'ya'yansu masu ladabi ba a ba su komai, sai marasa ji ake lallaɓawa. Na ce, "Baffa, ana cewa kana ba yara cin hanci." Ya ce, "Albashin da ake ba ni cin hanci ne? Yaro mai ladabi kullum yana samun ladansa, malam ya yi masa murmushi, a gida a sa masa albarka. Naki wa ya yi wa murmushi tun da ubansa ya tafi? Ke kin yi?" Maganar ta yi min zafi, kwana biyu ban je gaishe shi ba. Gaskiya ya faɗa.

Kafin shekara ta zagayo yaron yana rubuta sunansa. Wata rana har ya manta da famfon, yana can yana ƙwallo da yara, Baffa ya ba tayarsa iska da kansa, ya dawo gida yana murna kamar an yi masa haihuwa.

Sai aka shiga rage ma'aikata. Aka ce kowace makaranta ta ba da suna ɗaya. A tamu, waɗanda ba su da babbar takarda su biyu ne, Baffa da wani ƙanin matar Hedimasta da ba ya zuwa aji sai ya ga dama. Wannan duk daga baya na sani.

Abin da na sani a lokacin shi ne, wata ranar Alhamis da hantsi Hedimasta ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Na fito bakin soro. Ya gaishe ni da mutunci, ya tambayi ko an ji labarin maigida. Ya ce gwamnati za ta raba garin masara ga yaran da ubanninsu ba sa nan, ya sa sunan nawa a farko, sai dai uwa ta sa hannu. Kwana biyu ke nan ban ɗora tukunya ba. Ya buɗe ɗan gwangwanin tawada, ya kama gefen takardar ya nuna min wurin. Na dangwala. Har na ce masa Allah ya saka da alheri.

Na sha tunanin wannan. Shi ma ya san abin da hannuna zai ɗauka in an jera min faifai.

Garin masara bai zo ba. Bayan wata guda aka sallami Baffa. Ya dawo da faifan Inna ya ajiye mata a kan tukunya ya ce, "Ga aronki." Ya koma gona. Yaron nan aka mayar da shi hannun dorina, cikin wata biyu ya fasa gilashin ofis, aka kore shi. Mai cizo aka ɗauke ta daga taga, ta daina zuwa. Mahauci bai gama aji uku ba. Nawa ya yi sa'a don jikan gidan ne. Baffa ya ci gaba da koya masa karatu a soro, da allo da famfo, da ya tasa kuma ya kai shi wurin wani mai faci a Ɗambatta. Yanzu rumfarsa ce a bakin tasha, yana da mata da 'ya'ya uku, kuma ban taɓa jin ya ɗaga hannu a kan ɗayansu ba.

Shekara biyu Baffa yana amsa gaisuwata kamar kullum. Inna ce ta kasa riƙewa. Wata rana mun saɓa a kan akuya ta shiga gona, sai ta ce, "Ai ba tun yau kike cin amanar gidan nan ba, ke da kika kai shi ƙara." Na ce, "Wace ƙara, Inna?" Ta ga fuskata, ta rufe bakinta da hannu.

Na tafi wurin Baffa. Ya buɗe akwatinsa ya fito da takarda, an haɗo masa ita da ta sallama. Na ga yatsana a ƙasa, na gane shi, don akwai tabon wuƙa a tsakiya. Na ce ya karanta min. Ya ce, "Ba zan karanta miki abin da ba ki faɗa ba." Na ce to zan kai wa wani. Ya ce, "Yarda da karatun wani ce ta kai ki nan. In kina son sanin abin da ke ciki, ana ajin yaƙi da jahilci a gidan mai unguwa bayan la'asar."

Na shiga ajin ina da ciwon baya da furfura biyu-uku. Damina biyu na yi. Ranar da na iya haɗa baƙi, ban fara da komai ba sai takardar nan. Na bi ta harafi-harafi da yatsan da ya dangwala ta. An rubuta ta da Hausa, kamar daga bakina. Wai ni uwar yaro ina kawo kukana, malamin aji biyu yana bautar da ɗana, yana fitar da shi daga karatu yana sa shi aikin kekensa kullum, kuma ko da yake ƙanin ubana ne na kasa haƙuri.

Abu ɗaya nake riƙe da Baffa da shi, kuma na faɗa masa yana raye: bai je ofishin ilimi ya kare kansa ba. Ya ce in ya je, ni za a kira a tsayar gaban maza a tambaye ni, kuma kowa zai ji cewa don garin masara na sa hannu. Ya zaɓi a ɓata sunansa. Ban nemi ya yi min haka ba.

Kwana uku kafin ya cika na kai masa kunu da safe. Ya ce, "Na yafe wa kowa. Shi ma na yafe masa. Ke fa?" Na ce, "Baffa, kai aikinka aka ɗauka, ka yafe naka. Ni yatsana aka ɗauka." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Da na jera miki faifai tun kina yarinya, da na san ba ki da haƙurin da ake cewa."

To, ranar sadakar uku, bayan Hedimasta ya gama jawabinsa, ya aiko ciki wai yana neman yafiyar iyalan marigayi, ko da akwai wani abu na zaman tare. Ko da akwai. Inna ta dube ni. Na ce a gaya masa ya dawo ranar bakwai.

Ya dawo. Soro cike, har da Liman. Bayan an shafa addu'a na matso bayan asabari na yi sallama. Na ce, "Malam, akwai 'yar takarda da na rubuta a kan marigayi, ina so ka sa hannu, kai da ka yi aiki da shi." Ya ce, "Kawo, 'yata, kawo. Idon ya tafi, amma a samo tawada in dangwala. Ai na yarda da ke."

Na ji daɗin wannan magana, Allah ya gani, na ji daɗinta har cikin ƙashina. Na ce, "A'a, Malam. Ba a dangwala abin da ba a ji ba. Sai na karanta maka."

Na fara da tsohuwar takardar, wadda na dangwala. Ban ɗaga murya ba, ban yi sauri ba, karatuna dama ba mai sauri ba ne. Da na kai inda aka ce yana bautar da ɗana, mahauci ya ce, "Wa ya rubuta wannan?" Sai na ɗauko sabuwar, layi huɗu ce. Ta ce, kamar daga bakinsa: ni da na riƙe makarantar garin nan, ni na rubuta waccan takarda da hannuna. Matar nan ba ta san abin da ke ciki ba, garin masara na ce mata. Marigayi bai taɓa bautar da yaro ba. Faifai nasa ne shi kaɗai.

Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Baiwar Allah, a yi haƙuri, yau ranar addu'a ce." Na ce, "Na yi, Malam, ina kan yi. Wannan karatu ne kawai."

Hedimasta ya gyara zama. Can ya ce, "Lokacin ne ya zo da haka. Kowa ta kansa yake yi." Na ce, "Haka ne. Ga tawada." Ya laluba ya ɗauki sandarsa.

A nan ne yaron nan ya miƙe. Ta tsakanin asabari na ga ya dunƙule hannu, irin dunƙulewar da na sani tun yana shekara bakwai, kuma tsohon ta gabansa zai wuce. Sai ya juya, ya nufi keken Baffa da ke jingine a kusurwar soro. Ya durƙusa ya sassauta bawul, iska ta fita duka. Ya zare famfo ya fara bugawa. Ba a jin komai a soron sai ƙarar famfo, har Hedimasta ya samu ƙofa ya fita. Ba wanda ya tashi ya riƙe masa hannu.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa kabari, ya ba shi abin da hannunsa zai miƙa wa. Inna ta ce a rataye faifan a soro, ta yafe aron.

Ni ban yafe ba, kuma ba zan ce na yafe don a ce min mai haƙuri ba. Takardar tana cikin akwatin Baffa, a kan tsohuwar. Duk ranar Juma'a Hedimasta yana wucewa ta ƙofar gidanmu zuwa masallaci, ina jin sandarsa, in aika masa da gaisuwa a kuma gaya masa tawada ba ta bushe ba. A ƙasan layi na huɗu na bar masa wuri. Da nawa yatsan na auna, na ƙara kaɗan, don nasa ya fi faɗi.